Awarar da Ke Cikin Kundina

Bagudo,
ranar Talata da hantsi.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ta ɗazu da safe, lokacin da na ce miki "kin tashi?" ina lalubar tabarauna ban ko dube ki ba. Allah Ya kai ki inda za ki lafiya, Ya tsare ki a kan hanya da bakin iyaka da hayinta, Ya haɗa ki da mutanen da in sun ga kuskurenki za su ja ki gefe su faɗa miki.

Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga wadda ƙofar ɗakinta ke kallon taki. Ina rubuta ta a ajin 'yan shekarar ƙarshe, ina gadin jarrabawa. 'Yan mata sun cika aji, aikina na yau shi ne in hana su satar amsa. Ki ajiye wannan a ranki, nan gaba kaɗan zai ba ki dariya, ko kuma ba zai ba ki ba.

Jiya na leƙa na ga kina haɗa kayan tafiyar jibi. Kin naɗe kundin digirina a leda biyu, kin cusa shi tsakanin atamfofinki don kada ya lanƙwashe. Na ce me za ki yi da wannan tsohon abu, kika ce, "Haba Mama, da me zan koyar da su in ba da shi ba?" Gaskiyarki. Ƙungiyar matan da ta ɗauke ki aiki a Madekali, can hayin Benin, tana son wadda za ta koya musu yin awarar da za ta shiga kasuwa, ke kuma Allah Ya ba ki uwar da ta yi digiri sukutum a kan yadda furotin ɗin waken suya ke kamawa ya zama awara. Na ce "to," na fita. Na ƙware a cewa "to" in fita, na fi shekara ashirin ina yi.

Kada ki koyar da kowa da shafi na arba'in da ɗaya.

Kin san shafin, wanda kika ninke kusurwarsa. Madarar wake lita goma, zafi digiri saba'in da biyar, ruwan tsami ludayi uku, a juya na rabin minti. A ƙasa ga hoton awara fara sol, an yanka ta da wuƙa bakinta bai ko farfashe ba. Lambobin ba sa aiki, ko in ce suna aiki ranar da suka ga dama. Awarar da ke hoton kuma ba ni na yi ta ba. Inna ce ta yi ta, kakarki, wadda kika ci sunanta.

Bari in faɗa miki yadda aka yi, a jere, in na iya.

Inna a ruga ta tashi, bayan Illo, tana yin wagashi, wato awarar nono, da nonon shanu da ganyen tumfafiya tun kafin ta kai tsawon turmi. Da aure ya kawo ta cikin gari, shanu suka yi nisa, sai waken suya ya shigo. Wata Badendiya daga hayi ta nuna mata sau ɗaya tak yadda ake jiƙa shi, a markaɗa, a tace, a tafasa, a zuba masa ruwan tsamin gasara ya dunƙule. Daga ranar ba ta sake tambayar kowa ba. Da awarar nan na yi firamare, da ita na yi sakandare, da ita na shiga jami'a. Kuma duk tsawon lokacin kunyarta nake ji. A makarantar kwana 'yan ɗakinmu sun ce akwatina warin tsami yake yi. Ya yi ɗin, ba ƙarya suka yi ba. Sai na ƙudura a raina cewa zan je in koyo ilimin abin, in dawo in gyara wa Inna sana'arta, in raba ta da tulun tsamin nan mai wari. Ban taɓa tambayar kaina mene ne ya lalace da zan gyara ba. Awararta tana ƙarewa kafin azahar kowace rana.

Idan kika isa Madekali, kafin ki buɗe baki, ki ci awararsu tukuna. Ki ci ta mutum uku ko huɗu. Mai yiwuwa ki tarar da cewa abin da aka ɗauke ki ki koyar, wata a cikinsu ta fi ki iya shi, abin da ta rasa wani abu ne daban da ba a rubuta a takardar ɗaukar aikinki ba.

A jami'a na koyi abin da ke faruwa a cikin tukunya, kuma har gobe ina ganin kyansa. Furotin ɗin wake a cukurkuɗe yake kamar zaren da yara suka yi wasa da shi. Zafi ne ke warware shi. In ya warware, kowane zare ture ɗan'uwansa yake yi, ba sa yarda su matso kusa. Tsami ne ke kashe wannan turewar, sai su kama juna su saƙa raga, ragar ta riƙe ruwa a cikinta. Ragar nan ita ce awara. Na iya zana wannan a allo ido rufe, jiya ma na zana. Abin da ban iya ba shi ne in sa ya faru.

Sati shida na yi a ɗakin gwaji. Ruwa tatacce, kwalabe masu sheƙi, ma'aunin zafi, agogo. Yau in sami kunu, gobe in sami wani abu kamar tsakin masara yana yawo a farin ruwa, jibi ya kama amma in an danne shi ya zama kamar tafin silifa. Malamin da ke duba aikina ya taɓa ɗaga ɗaya da cokali, ya juya ta, ya ce, "Wannan ko kaza sai ta yi shawara." Sannan ya ce, "Ba an ce mahaifiyarki sana'arta ke nan ba? Ki je gida ki tambaya mana." Na ɗauka zagi ne. Na yi kwana biyu ina fushi, sannan na hau mota.

Na isa Illo da ma'aunin zafi a jaka da littafin rubutu. Washegari da safe na ɗauko kujera na zauna gaban murhu, madara na tafasa, Inna na kwashe kumfa.

Na ce, "Inna, tsamin nan ludayi nawa kike sawa?"

Ta ce, "Har shi ƙoshi."

"Nawa ke nan?"

"Ke Auta, in kina ba yaro hura, ƙidaya mai kike?"

Na zura ma'aunin a tukunya. Ta dube shi, ta dube ni. "Hidda tsinken ga cikin tukunyata. Allura za ki yi mata? Lahiyarta lau."

Na roƙe ta ta bari. Ta bari, amma ta ce in ta ɗauki ludayin tsami ba magana, har sai ta ajiye. Ka'idarta ke nan, kin sani, ba a magana a kan tukunya lokacin zuba tsami, wai awara ba ta son a yi hira a kanta. Na rubuta a gefen shafi, "camfi," na ja layi a ƙarƙashi.

Ga abin da ta yi, ina ganinsa har yanzu. Ta tsoma yatsa a tulun tsami ta ɗanɗana. Ta janye itace biyu daga murhu. Ta tsaya ba ta yin komai, har na ƙosa. Sannan ta zuba ludayi ɗaya ta gefen tukunya, a hankali, tana zagayawa, ta tura ludayin sau ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan kamar mai tsoron tada barci, ta tsaya. Ta ƙara. Ta tsaya. Ta ƙara. Sai madarar ta rabu, fari ya taru gefe guda kamar gajimare, ruwan ya koma garau mai ɗan ruwan ɗorawa. Ta ajiye ludayi ta ce, "To, hwaɗi."

Ni kuma me na rubuta? Ludayi uku, don uku na ƙirga. Saba'in da biyar, don shi ma'auni ya nuna lokacin da na duba. Juyawa ban auna ba, amma jadawalina yana da gurbin juyawa, ni kuma ba na son ganin gurbi fayau, sai na sa rabin minti. Ban rubuta ɗanɗanon ba. Ban rubuta tsayawar ba, tunda a ganina ba ta yin komai. Ban tambayi kwana nawa tsamin ya yi a tulu ba, ko cewa waken sabo ne da aka kawo daga Bahindi bayan girbi, ko da ruwan ina ta jiƙa shi, ko awa nawa ya jiƙu. Na ɗauki abin da ke ƙirguwa na bar sauran a tsakar gida.

Na koma jami'a na bi lambobina sau uku. Biyu suka lalace, ɗaya ta kama rabi da rabi. Ranar kare kundi saura kwana tara. Na sake hawa mota zuwa Illo, na ce wa Inna ƙawayena sun dame ni suna son awarar gida, amma kada ta soya, ɗanya nake so, dunƙule guda. Ta yi murna ƙwarai. Ta tashi ta yi wadda ta fi kowace kyau, ta ce a gaida ƙawayen. Na sa a kula da ƙanƙara. Ita na ɗauki hoto, ita na sa a na'urar da ke auna tauri, ita malamai uku suka ci da tsinken sakace suna gyaɗa kai. Ɗayansu ya ce ya daɗe bai ga ɗaliba ta haɗa ilimi da aiki haka ba. Na ce na gode, ranka ya daɗe.

Ki buɗe shafin godiya. Na gode wa malamina, na gode wa mai share ɗakin gwaji, na gode wa mutumin da ya buga mini kundin duk da kurakurai goma sha da ya yi. Inna tana cikin "iyayena da suka taimaka da addu'a."

Yanzun nan na kama wata yarinya a layi na uku tana leƙen takardar ta gefenta. Na ɗaga mata gira kawai, ta sunkuyar da kai. Ban san da wace fuska na yi ba.

Shawarata a nan gajeriya ce. Abin da kika gani sau ɗaya, ki rubuta cewa sau ɗaya kika gan shi, ranar kaza, da waken wane, da ruwan ina. In gurbi ya rage a takarda, ki bar shi fayau. In aiki ya ƙi, ki je ki ce ya ƙi tun kina da kwana tara. Na sha tunanin abin da zai faru da na ce wa malamin nan, ga abin da uwata ke yi, ga abin da na kasa maimaitawa, ban san dalili ba. Wataƙila ya kada ni. Wataƙila kuma da wannan ne kundin da ya cancanci leda biyu. Ban sani ba.

Da abin ya tsaya nan, da na ci gaba da cewa "to" ina fita. Amma akwai Geza.

Shekara biyu da gama karatu, na yi aure, na fara koyarwa, ina da cikinki wata biyar, don haka ke ma kin halarta. Matan ƙauyen Geza suka aiko a roƙi "Malamar da ta karanta awara" ta zo ta koya musu. A lokacin na riga na manta cewa lambobin ba sa aiki. Kada ki yi mamaki, mutum yana iya mantawa da irin wannan in an ɗaure masa shi da bango mai kauri an buga sunansa da ruwan zinariya. Na aika wa Inna cewa ta zo ta taya ni aiki. Taya ni, haka na ce. Na kuma ce kada ta kawo tsamin tsohon tulunta mai wari, a gaban mutane za a yi, ta haɗa sabo mai tsabta na kwana ɗaya. Ta kawo shi a jarka, ta ɗauko a kanta daga bakin titi har gindin mangwaron da aka taru.

Kowace mace ta zo da mudun wakenta daga gida, aka haɗa, aka markaɗa, aka tace da ruwan burtsatse, aka raba madarar tukunya biyu. Shugabarsu wata dattijuwa ce, Gwaggo Tumba, mai baki kamar reza. Ta shimfiɗa mini tabarma ta ce, "A ba Malama wuri, yau za mu ga yadda Turawa ka yin awara."

Tukunyar farko ta tafasa. Inna ta tsoma yatsa a jarka ta ɗanɗana, ta matso kusa da kunnena. "Auta, tsamin ga bai kai ba. Kuma waken ga tsoho na, na bara. Bari in jiƙa tsamiya mu ƙara mai."

A hankali ta faɗa, ba wanda ya ji. Ni ce na amsa da ƙarfi. "Inna, yau ba da ka za a yi ba. Yau da ma'auni za a yi."

Mata suka ce, "Iyye!" Inna ta koma gefe ta zauna a kan turmi.

Ma'auni ya nuna saba'in da biyar. Na juye ludayi uku gaba ɗaya a tsakiyar tukunya, na ɗauki muciya ina juyawa ina bayani, zaren furotin, ragar furotin, bakina bai tsaya ba hannuna bai tsaya ba. Rabin minti ya wuce, ni ina tsakiyar jimla. Na duba, madara tana nan madararta. Na jira. Na ƙara ludayi na huɗu, na biyar, na juya da ƙarfi kamar mai tuƙin tuwo. Sai ta tsinke tsaki-tsaki a cikin farin ruwa, irin wanda in an zuba a ƙyalle rabi zai bi ruwa ya tafi.

Gwaggo Tumba ta leƙa, ta daɗe tana leƙe. "Malama, wanga shi ne hurotin ɗin?"

Wata daga baya ta ce, "Mu da munka baro kunu gida, mun zo mun iske kunu mai digiri."

Gwaggo Tumba ta ce, "Ke rufa mana baki, sai ya huce shi ka kamawa. Ko ba haka ba, Malama? Zuwa Sallah?"

Suka kwashe da dariya har da tafi. Ba dariyar mugunta ba ce, yanzu na sani, da na yi dariyar tare da su da an wuce wurin. Amma waken mutane ne a tukunyar, wanda suka ɗebo daga abincin 'ya'yansu, ni kuma ina tsaye da ma'aunin zafi a hannu kamar mai riƙe da sandar mulki. Sai na ji bakina ya ce, "Ruwan tsamin da aka kawo ne bai yi ba."

Kowa ya ga wadda ta ɗauko jarkar a ka.

Inna ta tashi daga kan turmi, ta gyara zanenta ta ce, "Awo, laihina na. Tsuhwa ta sa ban ɗanɗana ba."

A gabana ta ɗanɗana, Ummi.

Ta nemi tsamiya aka kawo, ta jiƙa a ruwan ɗumi, ta tace, ta haɗa da na jarkar, ta je gaban tukunya ta biyu. Ta ɗaga hannu, mata wajen talatin suka yi shiru, har Gwaggo Tumba. Ta zuba kaɗan-kaɗan, awara ta kama. Ba ta kai ta gida kyau ba, waken tsoho ne, amma ta kama, an danne da dutse, an soya, kowa ta tafi da 'yar ƙullinta. Da za mu tafi suka yi mini godiya sosai, Malama an gode, Malama Allah Ya ƙara ilimi. Inna kuma suka tambaye ta kwatancen gidanta a Illo.

A mota na jira ta yi faɗa. Ta kwance ƙullin awara ta miƙo mini ta ce, "Ci, ba ke kaɗai ba ce." Shi ke nan abin da aka taɓa faɗa a kan Geza tsakanina da ita har yau.

Amma daga ranar ba ta sake ce mini Auta ba. Malama take cewa. Kin tashi kina ji, na san kin ɗauka girmamawa ce, ko wasa. Kowace ranar kasuwar Illo tana ba direba awara ya kawo mana, ba ta taɓa fashi ba. In na je gida na tarar tana gaban murhu sai ta ce, "Malama, shiga ciki, hayaƙi." Ban sake ganin cikin tukunyarta ba.

In abu ya lalace a hannunki a gaban jama'a, kuma zai lalace, za ki ji idonki yana yawo yana neman inda za ki sauke shi. Ki lura da inda idon zai tsaya. Ba ya tsayawa a kan maƙiyi, maƙiyi zai musa. A kan wanda ya fi sonki yake tsayawa, don shi ne zai ce "laifina ne" ya rufa miki asiri. Ki mayar da idon cikin tukunya ki ce, "Na ɓata, ku nuna mini."

Ke ma na yi miki nawa laifin. Tun kina firamare kike cika baki a makaranta cewa Mamanki ta karanta awara a jami'a. Ba ki taɓa tambayar me ya sa ba a yin awara a gidanmu ba, ko kin tambaya na ce ba lokaci, kuma ga ta Inna tana zuwa. Gaskiyar ita ce ina yi, in ba kowa a gida. Shekarar da kika tafi bautar ƙasa na yi ta fi sau ashirin, Abbanki ya ci wadda ta kama, kaji suka ci sauran.

A nan ne kaina ya kulle, kuma da kullensa zan bar ki, don ba ni da wani abin. Hutun da ya wuce na yi sau uku a sati guda, wake ɗaya, ruwa ɗaya, tulu ɗaya. Na farko na bi ka'idar Inna na yi shiru, ta kama kyakkyawa. Na zauna ina tunani, ashe ba camfi ba ne, mai magana ba ya kallon tukunya, kuma hannunsa bin bakinsa yake yi, ya juya fiye da kima ya yayyaga ragar tun tana saƙuwa. Na ji daɗi, har na fara tsara yadda zan bayyana wa 'yan aji. Na biyu na sake yin shiru, kamar mai takaba, ta fito kunu. Na uku na kunna rediyo ina musu da mai karanta labarai, ta fi ta farko kyau. To me zan ce miki? Tsamin ya ƙara kwana, gaskiya ne. Ranar ta biyu an yi zafi, wataƙila waken ya jiƙu ya wuce. Wataƙila ban bari madarar ta tafasa sosai ba, wataƙila na bari ta wuce. Kowane ɗaya zai iya zama dalili, kuma duk tare suke motsi, ba ɗaya da zai tsaya a auna ɗan'uwansa.

Kada kuma ki ɗauka cewa nake yi tsofaffi sun san komai, boko banza ne. Ita ma Inna takan ɓata. In ta ɓata sai ta ce wata maƙwabciya ce ta leƙa tukunya da idonta mai zafi, alhali ni na san an canza mata rijiya ne ko an kawo mata waken da ya sha zafin kwano a sito. Ni na san dalilai ban iya yi ba, ita ta iya yi ta ɗora wa maƙwabciya. Da mun zauna tare shekarun nan, ita da yatsanta ni da ma'aunina, ban san abin da za mu gano ba. Ba mu zauna ba.

Ga ɗan abin da zan iya sa hannu a kai. Ki tambayi shekarun wake kafin ki jiƙa, tsohon wake ba ya ba da awara kamar sabo, kome kika yi masa. Lokacin zafi ki rage jiƙo. Madara ta tafasa da gaske, sannan a janye wuta ta ɗan sauka. Ruwan tsami ba shi da ƙarfi ɗaya, na yau ba na jibi ba ne, na Illo ba na Madekali ba ne, don haka ludayi uku ba ya nufin komai. Kafin ki taɓa babbar tukunya, ki ɗebi madara kofi ɗaya ki gwada tsamin a ciki. Wannan dabarar ta ɗauke ni shekara goma sha, kuma ina zargin kowace mai awara a kasuwa ta san ta. Ki zuba kaɗan-kaɗan, ki motsa kaɗan, ki dubi ruwan da ke warewa, in fari ne da saura, in ya yi garau ki tsaya, ko da ludayin na hannunki cike. Ma'aunin zafinki kuma kada ki jefar, yana da amfani. Kawai dai kada ki riƙe shi a sama inda kowa zai gani.

Na fara wasiƙar nan da wata dabara a raina. Motarku ta Lolo, can bakin iyaka, dole ta bi ta Illo. Na yi niyyar in ce ki sauka can ki yi kwana uku, ki aika wa masu ƙungiya cewa za ki makara, ki zauna gaban murhun Inna ki bar littafin rubutu a jaka. Ke ba za ta ce miki hayaƙi ba. Wannan yana nan, ki yi shi, idonta ya fara rauni kuma na ji an ce yanzu sai an ɗaga mata tukunya. Amma na yi niyyar in ƙara da cewa, in kin sami sarari, ki faɗa mata Mama ta ce awarar hoton tata ce, kuma tsamin Geza ba laifinta ba ne. Har na tsara miki kalmomin.

Da na zo rubuta su sai na ga abin da nake shirin yi. Zan sake neman wadda ke sona in ɗora mata kayana a ka, ta ɗauka daga bakin titi.

Don haka in kin je tasha gobe, ki ce wa direba kujera biyu. Na riga na nemi izinin kwana biyu a wurin shugabar makaranta, ta tambaye ni ko rasuwa aka yi, na ce a'a, gaisuwa ce. Ban san me zan ce wa Inna ba. Ban san ko da Auta zan fara ko da Geza ko da hoton ba. Mai yiwuwa ta ce, "Wace Geza?" kuma ba zan gane ko ta manta ne ko ta ƙi ba. Mai yiwuwa ta saurare ni har ƙarshe ta ce in shiga ciki. Na iya tsayawa gaban aji in yi awa biyu ina bayanin abin da ban taɓa gani da ido ba, amma wannan jimla uku ce kuma tun jiya nake juya su sun ƙi zama.

An buga ƙararrawa, zan karɓi takardu.

Allah Ya tsare mini ke a ƙasar da ba ki san harshenta sosai ba, Ya ba ki haƙurin tsayawa ba ki yin komai in lokacin tsayawa ne, Ya sa matan Madekali su yi miki dariya da wuri ku wuce wurin. Ya kare ki daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum, Ya dawo mini da ke lafiya. In kin ga dama ki yi fushi da ni, kina da hanya, amma ki bari sai mun fito daga gidan Inna.

Abu ɗaya nake roƙo. In muka isa ƙofar gidan kika ga na tsaya a zaure ina gyara mayafi fiye da sau biyu, ki tura ni.

Wassalam,
Mamanki.